Shaidar Alwalar Baba

Shekara uku na yi ina wani aiki da ban taɓa jin an ba wata 'ya a unguwarmu ta Gadarif ba. Ni ce mai shaidar alwalar mahaifina. Da an kira salla sai ya ɗauki butarsa ya tsuguna a kan faffaɗan dutsen da ke bakin rumfa, ni kuma in jawo kujera 'yar tsugunno in zauna a gabansa in zuba masa ido. Ya wanke hannu ya dube ni, in ce ya wanku. Ya wanke fuska ya dube ni, in ce ta wanku. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana, kuma a shekarun nan uku babu abin da na fi ji daga bakinsa kamar "Uwata, ya wanku?"

Baba manomin riɗi ne, gonarsa tana can hanyar Basunda. Mutum ne mai tsanaki tun asali, ko damin riɗi ya ɗaure sai ka gane nasa ne. Tun kafin a haife ni wurinsa a masallaci sananne ne, sahun farko, dama da liman. Sai ya yi ciwon fitsari aka yi masa aiki, ya warke sumul, amma shakka ta zauna. Da fari tsarki yake shakka, daga baya ta hau kan alwala gaba ɗaya. Baƙar lakar garinmu ma ta taimaka mata, domin da damina takan shige ƙarƙashin farce ta ƙi fita, shi kuwa sai ya ce yaya za a yi ruwa ya taɓa fatar da laka ta rufe. Masallacin yana kusa da mu har tarin liman muna ji ta lasifika. Baba yakan fara alwala da kiran salla, a ta da iƙama yana hannun dama, a yi sallama yana nan bai kai ƙafa ba. Sai ya yi tasa shi kaɗai a ƙarƙashin rumfa, a makare, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Abin da yake so a duniya bai wuce ɗaya ba, ya koma sahu ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutane.

Ga shi ruwa a Gadarif ba abin wasa ba ne. Gangar da mai amalanken jaki yake kawowa, wadda da take kai mu kwana biyu, ta koma ba ta kai la'asar. Gindin dutsen ya zama taɓo rani da damina, har agwagin maƙwabta suka mai da shi gidansu. Nakan ce wa Inna, mahaifiyata, su kaɗai ne suka ci ribar ciwon Baba.

Shaidar dabarar Inna ce, kuma da kyakkyawar niyya ta kawo ta. Ta ce da shaidu ake ɗaura aure, da shaidu ake yarda an ga wata, to me zai hana a yi wa alwala shaida mutum ya huta? Ita idonta ya fara rauni, ni kuwa ina koyarwa a makarantar 'yan mata, ina dawowa kafin azahar, sai aikin ya faɗo kaina. Makon farko kamar an yi ruwa an ɗauke, har jam'i ya samu sau biyu. Daga nan amsa ɗaya ta daina isarsa, sai na maimaita. Daga maimaitawa sai ya ce in rantse. Ni da ba ni da haƙuri ko da ɗalibaina, sai ga ni ina rantsuwa da Allah a kan gwiwar hannu sau goma kafin la'asar.

An yi rubutu an sha, an yi hayaƙi, an yi tofi. Liman da kansa ya zo ya zauna ya ce masa wanda shakka ta aure shi, malamai sun ce ya yi watsi da ita ya wuce, sallarsa ta yi. Baba ya ce, "Sahi, gaskiya ne, ya shehu, na sani, ni ma na faɗa wa wasu haka. Amma ina zan san ba yau ce ranar da da gaske ban wanke ba?" Liman ya shanye shayinsa ya yi addu'a ya tafi.

Hannuwansa ne suka kai mu asibiti, sun tsattsage sun fara jini saboda ruwa da sabulu. Likitan ya rubuta man shafawa, sannan ya ce mu leƙa ɗakin da ke ƙarshen baranda. A ciki muka tarar da wata mace sa'ata cikin farin lafaya, suna kiranta doktora ko da yake ba ta ba da allura ko ƙwaya, aikinta magana ne da masu damuwar zuciya. Ganin farko ban so ta ba. Na ce a raina abin da ya gagari liman shi wannan za ta iya.

Ba ta yi masa wa'azi ba. Tambaya ta riƙa yi da Larabci a hankali.

"Ya ammi, daidai lokacin da ka gama wanke hannu, me yake zuwa maka a rai?"

"Cewa ruwa bai kai gwiwa ba."

"Sai ka ji me a jikinka?"

"Ƙirjina ya ɗaure."

"Sai ka yi me?"

"In tambayi Uwata. Ko in sake."

"Idan ta amsa?"

"Sai ya sake ni."

"Har zuwa yaushe?"

Baba ya yi ɗan murmushi ya ce, "Har in kai ɗaya hannun."

Sai ta ɗauki takarda ta yi ɗigo uku ta haɗa su da layi. Ta ce ɗaya tunani ne, ɗaya abin da jiki da zuciya suke ji, ɗaya kuma abin da mutum ya aikata, kuma kowanne yana tura ɗan'uwansa. Ta ce tunani baƙo ne, yana zuwa wa kowa, zuwansa kuma ba ya nufin gaskiya ya faɗa. Abin da yake ba shi gindin zama shi ne abin da aka yi bayan ya zo. Duk sanda aka sake wankewa ko aka yi tambaya, tsoro yakan sauka nan take, sai zuciya ta ɗauka tambayar ce ta cece ta, gobe ta nemi biyu. Ta ce tsoron nan da za a bar shi, hawa zai yi ya kai iyakarsa ya sauko da kansa, amma Baba bai taɓa jira ya gani ba. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Malesh, ki yi haƙuri, ya ustaza, amma amsarki ita ce abincin wannan ciwo."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara biyu ke nan a lokacin ina ƙona bayana a rana, na daina zuwa biki, na daina zuwa gaisuwa, a ce ni nake ciyar da shi. Na ce mata ita da ba ta san farashin haƙuri ba sai ta zo ta zauna a kujerata kwana ɗaya. Ta ce ta yarda ba za ta iya ba. A hanyar gida na gane abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san gaskiyarta ne.

Muka riƙa zuwa duk Talata. Ta ce a riƙa rubuta tunanin da ya zo, da girman tsoron, da abin da aka yi. Ta so ya auna tsoron daga ɗaya zuwa goma, Baba ya ce shi bai iya auna tsoro da lamba ba. A Hawata ya tashi, bakin kogin Rahad, sai ya ce zai riƙa faɗa kamar yadda masu tsallake kogi suke faɗar ruwa. Idon sawu, gwiwa, ƙugu, ƙirji, wuya. Doktora ta yi dariya ta ce nasa ya fi nata. Na ware littafin rubutu irin na ɗalibaina, har yau yana cikin akwatina. Ta kuma tsara mana matakai da yardarsa. A fara da fuska, a sallar la'asar kaɗai, ya wanke ba tambaya. Idan wannan ya zauna a ƙara hannaye. Sannan buta ɗaya tak ga kowace alwala. Ƙafafu ne na ƙarshe, don su suka fi ba shi wahala. Ni kuma nawa aikin jimla ɗaya ce. Idan ya tambaya in ce, "Baba, mun yi alkawari ba zan amsa ba," in zauna tare da shi har ruwan tsoron ya janye.

A takarda abin ba wuya. Ranar farko ya wanke fuska ya ɗago, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Uwata, ta wanku?"

"Baba, mun yi alkawari ba zan amsa ba."

"Na sani. Wannan karon kaɗai, bas."

"Mun yi alkawari."

Ya ƙanƙame butar. Ya ce ruwan tsoron ya kai ƙirji. Jim kaɗan ya ce wuya. Sai ya ce da ƙaramar murya, "Ni ne fa ubanki nake tambayarki." A gidanmu ko kallon idonsa ba a yi, balle ya yi magana a ƙi amsawa. Na ji kamar na ɗaga hannu na mare shi. Na sunkuyar da kai ina kallon agwagi, ina ƙirga numfashina don kada in fashe da kuka. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can ya ce, da mamaki a muryarsa, ruwan ya dawo ƙugu. Ya wuce zuwa hannaye bai sake fuskar ba. Na rubuta a littafi.

Haka muka yi ta ja har damina ta wuce. Wata rana gaba, wata rana baya. Doktora takan sa shi ya dubi littafin da kansa ya faɗi sau nawa ruwan ya kai wuya, sau nawa kuma ya shanye shi. Yakan ce bai taɓa shanye shi ba, ya yi dariyar kunya. Wata Juma'a ya gama da buta ɗaya, ya zura jallabiyarsa ya fita da sauri kamar saurayi. Raka'a ta biyu ya samu, a can baya cikin rana kusa da takalma. Ya dawo yana ba mu labarin wanda ya tsufa da wanda ya rame, kamar ya dawo daga tafiya mai nisa. Ban taɓa yin farin ciki irin na ranar ba, kuma na ji kaina ya kumbura, na ɗauka ni na yi.

Bayan kwana kaɗan na gano abin da ake ciki. Inna kullum lokacin alwalarsa take zama a ƙofar ɗakin girki tana dakan gahawa a ɗan turminta. Ban taɓa kawo komai ba, sai ranar da na lura Baba ba ni yake kallo ba, kunne yake kasawa. Ya gama hannun dama, turmi ya yi ƙwas sau biyu. Ya gama na hagu, ƙwas sau biyu. Ya shafi kai, haka. Da ma ta yi mini alkawari ba za ta ce masa komai ba, kuma ba ta ce ba. Matar da ba ta iya ganin zare a allura, daga can nesa take ba shi shaida da taɓarya.

Na yi mata faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Na ce ta rushe aikin wata huɗu, na ce tausayinta ne zai kashe shi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke kina da doktora da daftar, littafin nan naki. Ni me gare ni? Mutum ya dube ni yana rawar jiki, ina da abin da zan ba shi a hannu, in hana shi? Ban iya ba, ya bitti, 'yata. Ke da kika iya, Allah ya ƙara miki." Ban san ko addu'a ta yi mini ko zagi ba.

Da na kai wa doktora ƙara, ba ta ga laifin kowa ba. Ta ce ba duka ya rushe ba, kwanakin farko na gaske ne, kuma a yawancin gidaje haka ake yi, domin masu ƙaunar mutum su suka fi kasa jurewa. Ta ce in kawo Inna. Inna ta ce ba yarinyar da za ta koya mata zama da mijinta.

Ana cikin haka gwaggona, ƙanwar Baba, ta zo daga Mafaza jinyar ido. Kwana ɗaya ta yi ta ga ina cika buta ɗaya in rufe randa, ta ga yayanta yana kirana ina kallon ƙasa. Ba ta jira ya gama ba. "Ke, aib ne wannan, abin kunya. Haram alaiki. Uban da ya haife ki kike auna wa moya, ruwa fa, kamar jaki? Yana magana kina shiru? Wannan karatun naku ne?" Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin ɗigo uku, sai na ji bayanin ya yi mini nauyi a baki, kamar ina kare rashin kunya da Larabcin makaranta. Na dubi Baba ina jiran ya ce shi ya yarda, da bakinsa ya tsara matakan. Ya sunkuyar da kai ya bar ni da ita. Ina jin ya ji daɗin samun mai ƙwato masa ruwa, kuma ban riƙe shi da wannan ba. Gwaggo ta buɗe randa ta cika masa bokiti. Kafin mako ya zagayo unguwa duk ta ji, har wata uwar ɗaliba ta tambaye ni a ƙofar makaranta ko gaskiya ne ina hana mahaifina ruwan alwala.

Ba a daɗe ba aka yi wa doktora canjin wurin aiki zuwa wani gari. Talatar ƙarshe ta rubuta mini matakan a takarda ta ce in ci gaba, in dage. Ta gargaɗe ni cewa mafi muni shi ne in ƙi amsawa na tsawon lokaci sannan in amsa, domin ciwon zai koyi cewa naci yana biya. Wannan mafi munin kuwa shi na yi ta yi. Wata rana in dage, wata rana in gaji in amsa a tambaya ta ashirin, wata rana in amsa tun ta farko don in samu in je in gyara jarrabawar ɗalibai. Na san hanyar, na ga ta yi aiki da idona, amma ni kaɗai ce a gidan da ke riƙe da ita, kuma ni 'ya ce. Baba bai sake samun jam'i ba. Idan aka yi sallama a masallaci yakan ɗan dakata da buta a hannu, ya saurara, sannan ya ci gaba.

Bayan an gama yankan riɗi Inna ta kwanta da zazzaɓi. Kwana uku ta yi, ranar na huɗu da hantsi ta cika. Mata suka yi mata wanka a ɗakinta, maza suka cika tsakar gida da bakin ƙofa, aka ce za a fita da ita bayan azahar, a yi mata salla a maƙabarta. Yayana da ya iso daga gona ya riƙo Baba ya kawo shi bakin dutse tun da sauran lokaci. Ni ya kamata in kasance cikin mata, amma na jawo kujerata na zauna a gabansa, kowa yana gani, ba wanda ya hana ni.

Ya fara a hankali. Ya yi hannaye, ya yi fuska, ya koma hannaye. Aka fito da ita a kan gadon igiya, an rufe ta da lafayarta, aka ajiye a inuwa ana jiransa. Ya kai ƙafar dama ya dawo fuska. Liman ya matso ya durƙusa ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwana, alwalarka ta yi, ni na ɗauki nauyin, tashi mu tafi." Baba ya ce to, to, yanzu, bai ɗago ba. Yayana ya ce, "Yaba, halas, ya isa haka, rana tana yi, mutane suna tsaye." Ya ce saura kaɗan. Butar ta ƙare, wani ya cika masa.

Na san abin da doktora za ta ce. Na kuma san ba ta taɓa zama a wannan kujera ranar da aka ajiye uwarta a inuwa ba. Ban jira ya tambaya ba. Ya gama hannun dama na ce ya wanku. Ya gama na hagu na ce ya wanku. Na bi shi gaɓa bayan gaɓa kamar yadda muka fara a da, har ƙafar hagu, na ce, "Baba, ta yi. Wallahi ta yi, na gani. Tashi ka yi wa Inna salla."

Ya ɗago ya dube ni, tsawon lokaci, da tausayi, kamar ni ce marar lafiyar.

"Uwata, idonki cike yake da hawaye. Me kika gani?"

Gaskiya ne, dishi-dishi nake ganinsa. Na goge idona da bakin mayafi na ce ya sake sau ɗaya, yanzu ina gani sosai. Ya sake, kafin ya kai gwiwar hannu idon ya sake cika.

Liman ya miƙe. Sun jira iyakar jira, gawa ba ta jiran rana. Na ji an ɗaga gadon, na ji salati ya nufi ƙofa, na ji takun mutane yana raguwa a kan titi har ya ɓace. Yayana ya tsaya a tsakani yana kallon ƙofa yana kallonmu, sai na ce masa ya tafi, kada su biyu su rasa. Gidan ya rage daga mu sai kukan mata a ɗaki.

Baba ya girgiza butar ya ji ba komai. Ya miƙo mini ita bai dube ni ba, ya ce idan muka yi sauri wataƙila ya same su kafin su ta da kabbara. Na san ba zai same su ba, shi ma ina jin ya sani. Na karɓa na je randa na cika masa.